Daga Kwangila zuwa Ƙofar Mata: yadda za ka je Kano kallon Pillars ka dawo Zariya lafiya

Mu dai 'yan Zariya Allah ya zuba mana son ƙwallo, duk ranar da Madrid za ta haɗu da Barca ka leƙa gidajen kallo na Tudun Wada ko Samaru ko Sabon Gari ka ga yadda ake cika har bakin ƙofa, amma ka tambayi masu ihun nan su nawa ne suka taɓa zama a cikin babban fili suka kalli wasan lig da idonsu, za ka sha mamaki. Kuma ba laifinsu ba ne sosai, jiharmu ta daɗe ba ta da kulob ɗin da ya zauna daram a babban lig, tun bayan da Kaduna United ta ci kofin ƙalubale a 2010 abin sai a hankali. To amma Kano fa ga ta nan a bakin hancinmu, wajen awa biyu ne a mota in hanya ta yi kyau, kuma can ne ake da Kano Pillars, Sai Masu Gida, kulob ɗin da aka kafa a 1990 ya ci lig sau huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Duk wanda bai taɓa jin ƙarar filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da ya cika ba, gaskiya akwai abin da ya rage masa a harkar ƙwallo.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu shiga bayani, tafiyar nan daga ƙarshenta ake tsara ta. Zuwa ba wuya, kowa ma zai iya zuwa. Wasan lig ɗin Najeriya yawanci ƙarfe 4 na yamma ake take shi, a tashi wajen ƙarfe 6, wato kana fitowa magariba na kawo jiki, kai baƙo ne a gari, cikin dubban mutane, ga tafiyar kilomita kusan 150 a gabanka. Wannan lokacin shi ne duk matsalar, don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa saboda shi ne.

Da farko, ka tabbatar wasan a Kano za a yi

Kar ka yi dariya, wannan shi ne mataki mafi muhimmanci. An sha ɗauke wasannin Pillars na gida a kai wani gari, wani lokaci hukunci ne saboda rigimar 'yan kallo, wani lokaci saboda matsalar fili, ta yi zaman Kaduna a filin Ahmadu Bello, ta yi na Katsina, wani lokaci kuma a bar wasan a Kano amma a hana 'yan kallo shiga. Kuma jadawalin lig ɗinmu ka san halinsa, wasan Lahadi zai iya komawa Litinin ko Laraba, ko a matsar da lokaci saboda masu haskawa a talabijin. Saboda haka kar ka dogara da hoton jadawalin da wani ya turo a guruf ɗin WhatsApp tun farkon kaka. Ana gobe wasa ka duba shafin kulob ɗin da na hukumar lig ɗin Najeriya, wato NPFL, a Facebook ko X, sannan ka kira wani da ka sani a Kano ka ji ta bakinsa, shi zai gaya maka ma nawa ake sayar da tikiti a wannan satin don kuɗin yana canjawa, babban wasa da ƙaramin wasa ba ɗaya ba ne. Da safen ranar ma ka sake dubawa kafin ka bar gida.

In ka ji an mayar da wasan Kaduna to ka huta, wannan gida ne, ka je ka dawo. In Katsina ne kuwa lissafi ya canja gaba ɗaya, wannan tafiyar kwana ce, ba a fitowa daga filin Ƙarƙanda da magariba a ce za a kamo hanyar Malumfashi da Funtuwa cikin dare. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan.

Wane wasa za ka fara da shi kuma? In karon farko ne ni dai ba zan ba ka shawarar wasan Katsina United ba duk da shi ne kowa ke ɗoki, akwai tsohuwar tsama a tsakani, a 2022 sai da aka tashi wasansu ba a gama ba. Ka fara da wasan da za a cika amma ba jini a ido, ka san fili, ka san ƙofofi, daga baya ka je manyan irin su Enyimba da Rangers.

Na biyu, da wa za ka je, kuma a ina za ka kwana

Ka yanke wannan tun kana Zariya, ko dai kwana za ka yi ko dawowa. Kar ka ce sai na je na gani. In kana da ɗan'uwa ko aboki a Kano, kuma wane Bazazzagi ne ba shi da kowa a Kano, ka kira shi kwana biyu kafin ranar ka ce Yaya ko Kawu zan shigo ranar Lahadi zan kwana, ba wai ka faɗo wa mutane gida ƙarfe tara na dare ba sallama ba. In otal ne ka kama ɗaki da rana kafin ka tafi fili, ka ajiye jakarka, ka riƙe katin shaida don za su tambaya.

In kuma dawowa za ka yi a daren, mafi kyawun tsari shi ne ku haɗu ku shida ko bakwai na majalisa ɗaya ku ɗauki shatar mota, Sharon ko Golf, da direban da kuka sani ɗan gari, ku yi ciniki zuwa da dawowa tun a Zariya, ku ba shi rabin kuɗi sauran sai an dawo. Ku naɗa mutum ɗaya ya riƙe kuɗin, mutum ɗaya ba biyu ba, in ba haka ba a Tashar Yari za a fara musun wa ya bayar wa bai bayar ba. Amfanin shata shi ne bayan wasa ba ka da fargabar ko mota ta ƙare a tasha ko an ninka kuɗi, motarka na jiranka.

Kayan da za ka ɗauka

Kaɗan. Kuɗi a hannu, canji ƙanana, ka raba su gida biyu, na tikiti da abinci a aljihun gaba, kuɗin motar dawowa kuma a wani waje daban wanda ba za ka taɓa ba ko me ya faru. Kar ka dogara da taransifa ko mai POS a bakin fili, inda mutane suka taru da yawa sabis rawa yake yi, kana tsaye kana jiran alat ana can ana take wasa. Waya, in kana da ƙarama mai tocila ita za ka sa layinka a ciki, babbar ka bar ta a gida ko ka ɓoye ta sosai, maganar ƙwacen waya a Kano ba sabon labari ba ne su kansu Kanawa kuka suke da shi. Ka rubuta lambar mutum biyu a takarda ka sa a aljihu, don yawancinmu yanzu ko lambar matarmu ba mu haddace ba. Hula saboda rana. Takalmi mai igiya ko sandal mai maɗauri, ban da silifas, a turmutsutsun ƙofa aka take maka shi ta baya to ka yi sallama da shi. In lokacin hunturu ne Disamba da Janairu ka taho da rigar sanyi don dawowar dare, in kuma Maris da Afrilu ne zafin Kano yana taɓa digiri 40, ruwa za ka yi ta sha tun daga hanya.

Ban da wuƙa ko da ta yankan farce ce, ban da kwalba, ana caje a ƙofa. Riga kuma, launin Pillars rawaya ne da kore, in kana da jesinsu ka sa, in ba ka da ita ka sa kayanka na gida. Abin da ba a yi shi ne ka sa launin baƙin da suka zo ka shiga tsakiyar masu gida, ka duba kalar da abokan karawar ke sawa ka kauce mata ko da ba da niyya ba ne.

Hanya

Ka bar Zariya tsakanin ƙarfe 9 da 10 na safe. Na san za ka ce wasan ƙarfe 4 ne me ye na sammako, to lodi kaɗai zai iya cinye maka awa guda in ba a samu fasinja da wuri ba. A Kwangila za ka samu motar Kano kowane lokaci, akwai na cikin tasha akwai masu tsinta a bakin titi ƙarƙashin gada, na bakin titi sun fi sauƙin kuɗi kuma sun fi saurin tashi, amma na tasha an san direba an san mota, in ka manta kaya akwai inda za ka koma ka tambaya. Da rana ka hau wadda ka ga dama, da dare tasha kawai. Kafin ka shiga ka tambayi ɗan kamasho ina motar ke sauke mutane, Na'ibawa ko Unguwa Uku.

Tunda aka gyara titin nan tafiya ta yi daɗi, sai dai direbobi sun samu abin da suke so, gudu kamar za su tashi sama, kar ka ji kunyar cewa direba don Allah a sassauta, sauran fasinjoji ma jira suke wani ya fara magana. Za ku wuce Tashar Yari, ku shiga ƙasar Kano ta Kwanar Ɗangora, sai Ciromawa, Kwanar Gafan inda ake kasuwar tumatir, Kura, sai Karfi da masu gasa masara in lokacinta ne, ku haye gadar Tamburawa, daga nan kun shigo. Ka kula da wuraren nan da rana don da dare su ne za su gaya maka inda kuke in mutanen gida suka kira.

Kana sauka a tasha kar ka wuce tukuna. Ka je wajen masu lodin Zariya ka tambaya, ranka ya daɗe motar ƙarshe ƙarfe nawa take tashi yau, kuma nawa ne kuɗin da dare. Minti biyar ne amma shi ne zai gaya maka ko za ka tsaya har busar ƙarshe ko za ka fito da wuri.

Cikin gari

A Kano ba acaɓa irin namu, tun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, adaidaita sahu ce abin hawa. Ka ce masa Ƙofar Mata, filin ƙwallo. Ka faɗi Ƙofar Mata ɗin da bakinka, don akwai wani filin a Sabon Gari da ake kira filin Kano Pillars, in ka ce a kai ni filin Pillars kawai za a iya kai ka can ka tarar ba kowa. In ba ka samu mai zuwa kai tsaye ba ka hau mai zuwa wajen Kwari ko 'Yan Kura ka ce ya sauke ka kusa, za ku bi titin Zariya ku wuce asibitin Malam Aminu Kano da Dangi ku nufi Ƙofar Nasarawa. Ka yi ciniki kafin ka hau, kuma ka bambance hawan haɗaka da durof, in ka zauna kai kaɗai ya ja bai ɗauki kowa ba to kuɗin durof zai caje ka. Kana buɗe baki za su gane Bazazzagi ne, za a ɗan tsokane ka, wasan Kanawa da Zage-zagi ba yau aka fara ba, ka rama da dariya ka wuce.

Mai zuwa da motarsa, takardunka su cika, ka kiyaye danja da hannun hanya saboda 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Kano, ba sa wasa da baƙuwar lamba. Kuma kar ka kai motar bakin fili, ka ajiye ta nesa a gidan wanda ka sani ko wajen da ake biyan kuɗin ajiya, ku ƙarasa a adaidaita. In rigima ta tashi motocin da ke kusa da ƙofa su ke fara shan jifa, in ma ba rigima sai ka yi awa ba ka fita daga cunkoso ba.

In ka iso da sha biyu kana da lokaci. Marinar Ƙofar Mata tana nan kusa, wadda ake cewa tun 1498 take, ka leƙa ka ga yadda ake tsoma yadi a baba. Gidan Makama da ƙofar gidan Sarki ba nisa a adaidaita. Kwari ma ga ta nan amma kar ka yi sayayya kafin wasa, ina za ka kai ƙunshin shadda a cikin fili. Ka ci abinci mai riƙe ciki da azahar, gurasa bandashe ko da tsire tunda ka zo garinta, ko shinkafa da wake, a ciki ba abin da za ka samu sai fiya wata da su gyaɗa da rake.

Sallah, wannan ma a tsara ta. Ana take wasa daidai lokacin la'asar, in ka ce sai an je hutun rabin lokaci za ka fita ka yi, kujerarka ta tafi kuma wataƙila ba za a bar ka ka dawo ba. Kai matafiyi ne, Zariya zuwa Kano ta wuce nisan ƙasaru, ka tambayi malaminku tun a gida yadda za ka yi da azahar da la'asar a irin wannan tafiya, ka shiga fili da alwalarka hankali kwance.

Shiga fili

Ƙarfe biyu da rabi zuwa uku ka kasance a ƙofa, in babban wasa ne ma kafin haka. Filin mutum dubu 16 aka ce yana ɗauka a zaune, kuma ranar da gari ya motsa, kamar lokutan da Ahmed Musa ya dawo kulob ɗin a 2021 da 2024, masu son shiga sun fi kujerun yawa. Ka sayi tikiti a inda ake sayarwa a hukumance, ka bar yaran da za su tare ka su ce Alhaji kawo in shigar da kai ta baya. Ka riƙe guntun tikitinka har ka fito.

Akwai ɓangaren rumfa mai tsada akwai fofula inda rana ke dukan mutum. In kana da hali karon farko ka shiga rumfa, in kuma ainihin abin kake so ka ji to fofula ne, can ganguna suke, can ake waƙa, can za ka ga dattijo da furfura yana zagin lasman kamar ya ci masa bashi, in an ci ƙwallo wanda ba ka taɓa gani ba ya rungume ka ya ɗaga ka sama. Ko ina ka zaɓa ka nemi wajen da ke kusa da matakalar fita, ba can ƙasa jikin waya ba, kuma ba ƙarƙashin inda ake jefo ledar ruwa daga sama ba. Kuna zama ku tsayar da wajen haɗuwa a waje in an rabu, wani shago ko gidan mai da kowa ya gani, ba bakin ƙofa ba.

Ka ɗan san tarihi kafin ka zauna don hira za ta biyo ta kanka. Filin nan ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da kofin Afirka na 2000, da gasar 'yan ƙasa da 17 a 2009. A 2009 ɗin ne Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, 1-1 a Kano 2-2 a Alƙahira, ta wuce saboda ta fi cin ƙwallo a waje, ta je har wasan kusa da na ƙarshe Heartland ta cire ta. Sun yi shekara 12 ba a ci su wasan lig a gida ba sai da Nasarawa United ta zo ta karya a 2015. Ka ambaci Rabi'u Ali Pele, wanda ya haura shekara 40 yana buga musu wasa, ka ga yadda fuska za ta saki. Ka tuna musu kofin Aiteo na 2019 da suka ɗauka a Kaduna a hannun Niger Tornadoes da fanareti, ka ce a jiharmu kuka ci, za a ba ka hannu. Wanda ba a tunawa shi ne na 2018 a Asaba da suna gaba da ci 3 Rangers ta farke ta kuma cinye su a fanareti, wannan ka bar shi a cikinka.

In kuma kai a zuciyarka baƙin kake goyon baya, ba laifi, amma a zuciyar ya tsaya. Sun ci ƙwallo ka sunkuyar da kai ka yi murnarka a ciki. Kar ka ɗaga waya kana ɗaukar bidiyon masu rigima, kar ka sa baki a zagin alƙalin wasa, wanda ke kusa da kai ɗan unguwa ne ya san lungun da zai bi, kai ba ka sani ba.

Fita, inda aikin yake

Daga minti na 75 ka fara karanta fili ba ƙwallo kaɗai ba. In Pillars na gaba da biyu ana ta kiɗa, zauna ka more har a tashi. In kuwa kunnen doki ake ko ana cin masu gida, ko alƙali ya hana wani fanareti ka ji sautin filin ya canja daga ihu ya koma gunaguni, ka ga an fara jefa ledar ruwa, 'yan sanda sun miƙe suna gyara tsayuwa, to malam tashi ka fita a minti na 80, sakamakon ka ji shi a rediyon adaidaita. Na san da ciwo ka taho tun daga Zariya ka rasa ƙarshen wasa, amma mintin ƙarshe shi ne lokacin da ake farke ƙwallon da ke tada fitina.

In abin ya riga ya same ka a ciki aka harba barkonon tsohuwa, kar ka bi ayarin masu rugawa ƙofa, a ƙofa ake danne mutane. Ka matsa sama ko gefe inda iska ba ta kaɗo hayaƙin, ka jiƙa hankici ko gefen rigarka da fiya wata ka rufe hanci, kar ka murza ido, ka jira ƙofa ta sarara. Ko lafiya aka tashi ma zaɓi biyu ne, ko ka riga taro fita ko ka zauna minti 15 su rage, tsakiyar ne ba a so, nan masu sane ke cin kasuwarsu.

Ka fito, kar ka tsaya neman adaidaita a bakin fili, kuɗin ya ninka kuma ba ta motsi. Ka taka da ƙafa ta babban titi inda ke da haske da mutane, ban da yanke ta lungu ko wani ya ce maka ya fi kusa, sai ka yi nisa kaɗan ka tari abin hawa. Waya tana aljihu har ka shiga tasha. Ka yi magariba a masallacin tasha inda idonka ke kan motar da ake lodi. Mai kwana kuma ya tuna a 2022 gwamnatin Kano ta sa dokar hana adaidaita yawo daga ƙarfe 10 na dare, don haka kar hira ta ja ka a wani waje mai nisa da masaukinka.

A motar dawowa ka tura wa na gida lambar motar da lokacin da kuka tashi. In ka ga har ƙarfe tara mota ba ta cika ba, ko direban da alama ya sha tuƙi tun asuba idonsa ya yi ja, ka haƙura ka kira ɗan'uwan nan naka ka kwana, motar asuba tana nan. In kuwa kun taso da wuri za ku shigo Kwangila wajen tara zuwa goma, kuma tun kuna Tashar Yari ka kira ɗan acaɓan unguwarku da ka sani ya zo ya jira ka, musamman in cikin birni za ka shiga ko Samaru ko Ɗan Magaji, ka yi masa alƙawarin ɗan ƙari a kan kuɗin da ya saba karɓa.